Zaren Da Maɓalli Ta Haɗiye

Shafi na 12

Ku yi haƙuri 'yan uwa, na ga saƙonninku rututu, har da mai tambayar ko na gudu ne 😂 Ban gudu ba, 'yata ce ta fara tafiya! Wallahi taku uku ta yi daga kujera zuwa wajena, a na huɗu ta zauna daɓas tana dariya, ni kuma ina ihu kamar an ba ni kyautar mota. Tun ranar ban zauna ba, wayar ma sai na ɗora ta can sama don kar ta jefa min ita a ruwa. To ga shi na kawo muku, amma ku shirya, shafin yau babu daɗi.

*

Likitar dabbobin ta buɗe kwandon a hankali.

Maɓalli ba ta fito ba. Tana can ƙurya a dunƙule, ta tattara ƙafafunta a ƙarƙashinta, bayanta ya yi doro, kanta a ƙasa. Kyanwar da in ta ga baƙo sai ta haye cinyarsa ta shinshina aljihunsa, yau ko ɗaga ido ba ta yi ba.

Auta ta tsaya tana kallon kyanwarta. Kwana huɗu kawai ta yi wajen jinyar surukarta. Kwana huɗu! Ta bar kyanwar lafiya lau a shagon ɗinkin da Mama ta rasu ta bar musu ita da Yaya, da safen nan ta dawo ta tarar da ita a ƙarƙashin kabad ɗin yadi, sai da ta kwanta a ƙasa ta jawo ta.

"Yaushe rabonta da abinci?" in ji Likita.

Auta ta juya ta kalli Yaya.

Yaya tana tsaye a bakin ƙofa, tef ɗin awo har yanzu a wuyanta, ta harɗe hannu a ƙirji.

"Tana ci mana."

"Kin ga ta ci da idonki?"

"Tana zuwa wajen kwanon. Ta shinshina ta juya. Ai haka take in iyayinta ya motsa."

"Amai fa?"

"Sau biyu. Ko uku. Kyanwa ai da ma amai sana'arta ce."

Likita ta sa hannu biyu ta ɗauko Maɓalli kamar mai ɗaukar ƙwai, ta ajiye ta kan tebur. Nan take kyanwar ta fara wannan gur-gur ɗin da suke yi a maƙogwaro.

Yaya ta saki hannuwanta.

"Yawwa, kin ji ko? Kin ji da kunnenki? Tun a shago nake gaya wa yarinyar nan fushi kawai take yi don ta tafi ta bar ta. Mai ciwo zai yi gur-gur? An taso ni na bar kayan mutane a kan keke."

"Zo nan," in ji Likita. "Matso ki gani."

Yaya ta matso taku biyu, ba don ta so ba.

"Dubi idonta. Kin ga yadda ta ƙanƙance shi kamar mai kallon rana? Dubi kunnuwan, sun baje gefe sun kwanta. Gashin bakin nan ya miƙe ya sandare. Jikinta duk ya cukurkuɗe, yaushe kika taɓa ganin kyanwa mai lafiya ta bar jikinta ba lasa?"

"To gur-gur ɗin fa?"

"Suna yi in sun ji daɗi, suna yi in azaba ta ishe su. Lallashin kanta take yi. Kyanwa ba ta kuka ta ce miki wayyo cikina. Ɓuya take yi ta yi shiru. Shirun nan shi ne kukanta."

Ta ɗora yatsu a cikin Maɓalli, ko dannawa ba ta yi sosai ba. Kyanwar ta zabura ta saki wata 'yar ƙara siririya, wadda Auta ba ta taɓa ji daga bakinta ba a shekara bakwai.

"Wayyo Allah, Likita ki bari!"

"Na bari. Kun ba ta wani magani?"

Auta ta kalli Yaya.

"Tambaya nake yi, ba faɗa ba."

Yaya ta kawar da kai.

"Jiya na so in daka mata rabin farasitamol. Na duba jaka babu."

"Ki gode wa Allah da babu. Da kin ba ta, da yanzu ba magana muke yi a kan tebur ɗin nan ba. Abin da ke sauke miki ciwon kai, ita guba ne a jikinta. Ko ɗan ɓalli."

Ta zuƙo allura ta yi wa kyanwar. Ta ce ta rage zafi ce, irin tasu. Suka tsaya suna kallon kyanwar.

Jama'a, abin da ya karya zuciyar Auta ke nan. Ba a daɗe ba ta ga kunnuwan Maɓalli sun fara tasowa, doron bayan ya sauka, idon ya ɗan buɗe. Kyanwar ta sauke wani dogon numfashi ta kwantar da kanta a kan hannun Auta. Sai a lokacin ta gane irin abin da baiwar Allah ta kwashe kwanaki tana haɗiya ita kaɗai a ƙarƙashin kabad, ana ta taka keke a kanta.

Likita ta buɗe bakin kyanwar, ta ɗaga harshen da yatsa, ta haska da 'yar fitila. Ta daɗe tana kallo.

"Sana'arku ɗinki ko?"

"Eh."

"Zare ta haɗiye. Ga shi nan ya naɗe a gindin harshe, har ya nutse cikin nama. Sauran yana ciki."

Auta ta kasa leƙawa. Ta runtse ido.

"Ku da kuke ɗinki za ku fi kowa ganewa," in ji Likita. "In kika ɗaure bakin zare ɗaya, kika tura yadi a kansa, me yake yi?"

"Tattarewa," Auta ta faɗa da ƙyar.

"To haka hanjinta ya yi. Shi ma da sauƙi, in dai ba a taɓa zaren ba." Ta ɗaga wutsiyar ta duba, sai fuskarta ta canza. "Nan ya kumbura. Wani ya ga zare ya leƙo ta nan?"

Auta ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta tuna ba ta nan.

Ta juya a hankali.

Yaya tana murɗa tef ɗin wuyanta a yatsa, tana warwarewa, tana sake murɗawa.

"Yaya."

Yaya ta ci gaba da murɗa tef ɗin.

"Yaya, da ke ake magana."

"Shekaranjiya ne."

"Me ya faru shekaranjiya?"

"Na ga ɗan bakinsa ya fito. Na kama."

"Kika ja?" in ji Likita.

"To me ake yi da zare in ya leƙo? Shekara ashirin ina ɗinki, na ga zare yana reto in tsaya kallonsa?"

"Ya biyo ki?"

"Ya biyo kamar kamu ɗaya. Sai ya cije. Na ƙara ja kaɗan, ta yi ƙara ta yakushe ni." Ta ɗaga hannun rigarta, ga sawun farce uku ja wur. "Sai na sa almakashi na datse."

Likita ta ajiye fitilar.

"Zare in ya miƙe a cikin hanji, zarto ne. Kowane ja da kika yi, yanka ne. Dole in buɗe cikinta yanzu, ba anjima ba. Ba zan yi muku alkawarin komai ba sai na ga abin da ke ciki."

Ta ƙwala wa nas kira. Wata mata mai jiki ta shigo da tawul, ta naɗe Maɓalli, suka shige da ita ɗakin ciki. Ƙofar ta rufe.

*

A ɗakin jira benci biyu ne. Auta ta zauna a ɗaya, Yaya ta zauna a can ƙarshen ɗayan, kusa da wani dattijo mai kayan gadi. A gabansa wani ƙaton kare ne a kwance kan tabarmar roba, bakinsa duk furfura.

Dattijon ya kalli wannan, ya kalli waccan.

"'Ya'yana, taku ce aka shiga da ita?"

Kowacce ta kawar da kai. Shi kuwa ko a jikinsa.

"Kar ku damu, hannun matar nan yana da kyau. Kun ga Kaftin? Shekara goma sha ɗaya muna gadi tare. Bara ya fara lalaci, in na ce tashi sai ya kalle ni kamar ni ne yaronsa. Matakala uku ta ƙofar ma'aikata sai ya tsaya yana lissafi. Ga haki ko ba zafi, ga lasar gwiwa har gashin wajen ya ƙare. Ni kuma ina ta zaginsa, ina cewa tsufa ya sa ka zama malalaci. Ran nan na taɓa ƙugunsa ya kusa cire min yatsa. Ashe gaɓoɓinsa ne suke ci masa wuta."

Ya shafa kan karen.

"Yanzu ga ƙwayarsa irin ta karnuka, ga katifa na yanka masa, an ce in rage masa tumbi. Ni da shi duk gwiwa ta tafi, amma shi ke da likita. Ni sai man zafi."

Ya yi dariya shi kaɗai. Da ya ga babu mai taya shi sai ya yi gyaran murya.

"Abin da ya fi damuna, wata shida yana gaya min, ni ne ban iya ji ba."

Aka leƙo aka miƙo masa ƙullin magani. Ya tallafi ƙugun karen har ya miƙe, suka fita a hankali, tsoho biyu, kowa yana ɗingishi.

Ɗakin ya rage su biyu.

Auta ce ta fara.

"Sau nawa na kira ki?"

Yaya ta kalli bango.

"Kullum sai na kira. Safe da yamma. Yaya ya Maɓalli? Lafiya lau. Yaya ta ci abinci? Ta ci har ta bar saura. Shekaranjiya da la'asar ma na kira ki. Lokacin kin riga kin ja ko ba ki ja ba?"

"Na ja."

"Kika ce min tana barci a kan yadi."

"Kina jinya. Me za ki yi daga can?"

"Da na ce ki kawo ta nan! Mota ɗaya ce daga shago!"

"Rage murya, ba gidanku ba ne."

"Ba zan rage ba. Da ma can ba kya son ta. Tun ranar da Mama ta tsinto ta a kwali ta kawo ta shago kike tsangwamarta. Gashi a kayan mutane, gashi a kayan mutane, kullum waƙar ke nan. Sau nawa kika ce a kai ta kasuwa a yar?"

"Na faɗa. Kuma wa yake wanke kwanonta? Wa yake kwashe ƙasarta in kin yi kwalliya kin tafi gidan mijinki? Ke taki ɗauka ce da sumbata da hoto."

"Ita kaɗai ta rage min a abin da Mama ta taɓa da hannunta yana numfashi."

Yaya ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ita kaɗai. To ni katako ce."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kike nufi. Faɗi sauran, na ga yana cin ki."

Da Auta ta yi shiru a nan, da an zauna lafiya. Amma zuciya ta riga ta hau.

"Haka kika yi da Mama."

Tef ɗin ya tsaya cak a yatsan Yaya.

"Me kika ce?"

"Wata nawa tana riƙe ciki tana cewa ba komai? Ke kike kwana ɗaki ɗaya da ita. Ta daina cin abinci kika ce zaɓe ne. Ta daina hawa keke kika ce hutu take so. Sai da ta faɗi a banɗaki kika kira ni. Ke in dai abu bai yi ihu ba, to lafiyarsa ƙalau!"

Yaya ta miƙe. Auta ta ɗauka mari ne, har ta kare fuska. Amma Yaya tagar ta nufa, ta tsaya ta ba ta baya.

Da ta yi magana, muryarta a ƙasa take.

"Kin san sau nawa na ɗauko mayafinta na ce mu tafi asibiti? Ta riƙe min hannu ta ce in na gaya miki ba ta yafe ba. Auta tana da ciki, Auta ba ta da ƙarfin zuciya, kar a tayar wa Auta hankali. Ni nake wanke zanin gadonta kafin ki zo. Ni nake shafa mata hoda in ta ji kina hanya. Ki shigo ta yi miki dariya, ki ci ki sha ki tafi, ƙofa na rufuwa ta kama ƙarfen gado tana cije leɓe."

"Ƙarya ne."

"To ƙarya ne."

"Da ta gaya min..."

"Ke ba a gaya miki abu, Auta. Tun kina ƙarama. Ke ana ɗauke miki ne. In kin fasa kofi ni na fasa. In kin ƙona rigar mutane da dutsen guga ni na ƙona. Har kika girma kika yi aure ba ki taɓa tambayar ina kayan da ake ɗauke miki suke zuwa ba. Ga inda suke zuwa." Ta bugi ƙirjinta.

Auta tana kuka yanzu, amma kukan haushi ne.

"Kar ki juya maganar. Mama daban, wannan daban. Wa ya riƙe miki hannu a kan Maɓalli? Wa ya ce kar ki faɗa? Kin ja, kin ji ta yi ƙara, kin datse, kin share hannunki kin koma kan keke. Kwana biyu! Me ya sa kika ɓoye?"

Yaya ta mayar da idonta kan taga.

"Me ya sa, Yaya?"

"Ki bar shi a na tsane ta. Ya fi miki sauƙi."

"Wallahi in ta mutu ba zan ƙara taka shagon nan ba. Ki riƙe kekunan, ki riƙe komai. Ba ni ba ke."

"Na ji."

Agogon bango ya ci awa ɗaya, ya shiga ta biyu. Wata mata ta shigo da zomo a kwali ta gaji da jira ta tafi. Rana ta taso daga ƙafar benci ta hau bango.

Sai ƙofar ciki ta buɗe.

Likita ta fito, hular aiki a kanta, gaban rigarta da ɗigon jini. Tana riƙe da wani ɗan faranti na ƙarfe.

Su biyun suka miƙe tare.

"Tana da rai," ta ce, kafin su tambaya. "Amma ba zan ɓoye muku ba. Wuri huɗu ya yanka. Na ɗinke uku, na huɗun sai da na yanke wani yanki na haɗa. Ƙazanta ta riga ta zuba a cikin. Ba ta farfaɗo ba tukuna, nas tana kanta. In ta farka za mu ci gaba da allurar zafi, kar ta ƙara shan abin da ta sha."

"Za ta tashi?" in ji Auta.

"Ban sani ba."

Ta miƙo farantin.

"Ga abin da na ciro. Na ɗauraye shi don ku gani, ku san irin abin da za ku dinga kawarwa daga ƙasa."

Auta ta leƙa.

Zare ne mai tsawo, ya fi kamu uku, a cukurkuɗe. Duk da abin da ya shiga, yana nan yana walƙiya. Zaren ado ne, mai ruwan zinare. A bakinsa ɗaya ga wani ɗan ƙyalle ja, an ɗaure shi da ƙulli biyu.

Nan take Auta ta gane shi.

Yaya ba ta taɓa zaren ado. Ita yanka ne nata da haɗa riga, da zare baƙi da fari. Aikin wuya na Auta ne, ita kaɗai. Ƙullin nan ma ta san shi, hannunta ne. Safiyar da za ta tafi, tana jiran mota, ta warware zaren ta ɗaura ƙyalle a baki tana ja a ƙasa, Maɓalli tana bi tana tsalle, ita tana dariya. Direba ya danna hon, ta saki zaren a nan tsakar shago, ta suri jaka ta fita.

Ta ɗago ta kalli Yaya.

Yaya ba farantin take kallo ba. Ƙasa take kallo.

"Kin sani."

Yaya ba ta ɗago ba.

"Yaya, kin san nawa ne."

"Tun da bakinsa ya leƙo na ga yana ƙyalli." Muryar ta fashe. "Na ce in na zare shi na jefar, ta warke, ki dawo ba ki san komai ba. Da ya cije, na ce ko zai fita da kansa. Kullum sai na duba ƙasarta da tsinke. In na kawo ta nan za a ciro a nuna miki, ga shi kuwa an nuna."

"Kika bar ni ina ta..."

"Ai na saba."

Auta ta tsaya tana kallon Yaya. Duk maganganun da ta yaɓa mata suna nan a ɗakin, ba ta san ta inda za ta fara kwashe su ba.

"Likita!"

Muryar nas ce daga ciki, da ƙarfi.

"Likita zo! Numfashinta yana yin ƙasa!"

Likita ta dangwara wa Auta farantin a hannu ta juya da gudu. Ƙofar ta bugu ta dawo, ba ta rufe duka ba.

Farantin yana hannun Auta, zaren yana walƙiya a ciki. Ta miƙa ɗaya hannun tana laluben na Yaya. Yaya ba ta kama ba, ba ta kuma janye ba.

Ta tsagar ƙofar suka ji muryar Likita.

"Danna mata ƙirji. Sake. Sake!"